Na Je Yamai Jin Muryar Malam

Tun da na dawo daga Yamai ban huta da tambaya ba. Ranar kasuwa matan Zakka sukan biyo ta gidan nan su ajiye kayansu, kafin su sha ruwa sai ki ji, "Inna Dije, wai da gaske ne kin ji muryar Malam?" Maƙwabta ma haka. Na gaji da maimaitawa, kuma na lura duk wadda ta fita sai ta ƙara wa labarin gishiri, har ya dawo kunnena wai aljani aka kulle mini a akwati. Shi ya sa na zaunar da ɗiyata Saude, wadda ke aure a Zakka. Ita ta raka ni, ita kuma ta yi boko. Na ce ta rubuta yadda na faɗa. In ta sa nata, zan gane ran da aka karanta mini.

Mu mutanen Ruma ne. Da 'yan bindiga suka shigo mana suka sa wa gidan wuta, da kayan jikinmu muka iso Batsari. Hoton maigidana Malam guda ɗaya da muke da shi can ya ƙone. Shi kuma bai daɗe a Batsari ba Allah ya karɓi abinsa. Na yi haƙuri yadda ake yi. Amma wata safiya bayan na idar da salla, sai na nemi in tuna yadda yake sallama in ya shigo zaure, na rasa. Kalmomin na nan, muryar babu. Na zauna bisa buzu ina nema kamar mai neman allura a yashi. Ban faɗa wa kowa ba, amma abin ya tsorata ni fiye da ranar wutar.

Ina da ɗa a Yamai, yana aikin injiniya a kamfanin waya. Ɗan fari ne. Tun yaye kakarsa ta ɗauke shi, kuma ni ban taɓa kiran sunansa ba, ban taɓa zama tabarma ɗaya da shi ba. In ya bugo waya sai in miƙa wa wanda ke kusa, in koma gefe ina tsinke zogale, kunnena na can. Haka uwata ta yi da yayana, haka na tarar. A gida "na Yamai" nake ce masa, a nan ma haka za a rubuta.

Lokacin da ya tafi karatu Zariya, Malam bai iya rubutun boko ba, sai ya aro rakoda ya yi masa magana a kaset, ya ba direba ya kai. Ashe yaron nan ya adana kaset ɗin duk shekarun nan. Bayan rasuwar sai ya turo maganar cikin wayar Saude. Ta kawo mini da murnarta ta kunna. Na ji wani abu siriri kamar sauro ya shiga gwangwani yana kwaikwayon mutum. Na ce ta kashe, wannan ba Malam ba ne. Da ta gaya wa na Yamai, sai ya ce, "Ki kawo mini Inna. A nan za ta ji shi."

Ba na son tafiya. Amma na tuna safiyar nan, na ce a ɗaure kaya.

Na ƙulla daddawa da kuka, na sa aka kamo zabi biyu aka ɗaure musu ƙafa. Saude ta ce, "Inna, a Yamai fa ana sayar da zabi." Na ce ba nawa ake sayarwa ba. Muka shiga bas ta Katsina. Duk wanda ya san hanyar nan ya san akwai wuraren da hira kan mutu da kanta, kowa ya kama carbi yana kallon daji. Direbanmu dattijo ne, bai yi gudun banza ba, bai kuma tsaya wa kowa a inda ba a tsayawa ba. Allah ya saka masa.

Daga Katsina muka sake mota zuwa Jibiya, daga nan sai boda. Aka ce kowa ya sauko da kayansa. Wani jami'i ya duba katin allurarmu, ya nuna ƙunshina ya ce, "Iya, mene ne a nan?" Na ce ya sunsuna. Ya sunsuna, ya ja da baya, ya ce ya gane. Ana cikin haka ɗaya daga cikin zabin ta warware igiya ta tashi fir, ta tsallake sandar da aka gitta, ta sauka can ɓangaren Nijar tana ƙyarƙyara. Jami'in ya ce, "Iya, wannan ta shiga ƙasar mutane ba kati." Kowa na dariya, ni ban ga abin dariya ba. Wata Bafulatana mai fura ce ta ajiye ƙwaryarta, ta lallaɓa ta jefa mata zane ta kamo ta. Na nemi in ba ta wani abu, ta ƙi. Ta ce in dai na isa in yi mata addu'a. Na yi, ina kan yi.

A motar Maraɗi na zauna kusa da wata mai sayar da atamfa, Hajiya Rabi. Tun daga boda nake lura da ita, don tana da surutu, ni kuma ba na sakin jiki da mai surutu. Da ta ji a tasha za mu jira motar safe, sai ta ce, "Wallahi ba ku kwana tasha ina da gida." Ta kai mu, ta ba mu ɗakinta ita ta koma na 'ya'yanta. Hausarsu irin ta mutanen Zamfara ce, komi "lahiya lau". Da safe aka kawo shayi da wani burodi dogo kamar sandar makiyayi, taurinsa ma haka. Na gatsa, sauran haƙorana suka ba ni amsa. Hajiya Rabi ta karɓe ta tsoma mini a shayi kamar mai ciyar da jinjiri. Na ji kunya, amma na ci. Na shiga gidanta ina zarginta, na fito ina sa mata albarka.

Motar Yamai doguwa ce, tagoginta a rufe, sanyi na fitowa daga sama kamar an buɗe randa a kanka. Ba mu yi nisa ba wata budurwa mai ƙumba ja ta fara toshe hanci tana magana da Faransanci. Ban ji ba, amma na san da daddawata take. Aka sauke ƙunshin aka sa a ƙarƙashin mota tare da zabin. Muka wuce Ƙonni, muka wuce Dogon Dutsi. Bayan Doso Hausa ta fara ƙaranci, sai Zabarmanci. Na gai da wata tsohuwa a inda muka tsaya salla, ta ce "fofo", na ce "yauwa", muka rabu kowa ya gamsu.

Da muka isa, na Yamai ya zo tarbar mu da kansa. Furfura ta fito masa a gemu, abin da ban sani ba. Ya durƙusa ya gaishe ni, na amsa ina kallon tayar mota. Matarsa Hamsatu, Bazabarma ce, ba ta durƙusa ba, rungume ni ta yi a gaban jama'a. Na sandare kamar itace. A gidan kuma na ga abubuwa. Tana kiran mijinta da sunansa, gatsau, ina zaune. Suna ci a faranti ɗaya bisa tebur. Da rana tsaka gari kan mutu, kowa ya rufe shago ya kwanta kamar marar lafiya. Na kwana biyu ina tattara laifinta a raina. Sai dai ban samu da yawa ba. Ta lura ba na iya hawa abin zaman bayan gidansu, sai na tarar ta ajiye mini buta da wani ɗan benci. Dambunta na zogale, da suke ce wa kopto, ya fi nawa, kuma ban taɓa faɗin haka a kan dambun kowa ba. Zabin ma ta hana a yanka, ta ce sun sha wuyar hanya.

Akwai ɗaki guda a gidan da yara ba sa shiga. Labule mai kauri, darduma har a bango. Lasifika biyu a tsaye bisa ƙafafun ƙarfe, kamar an ɗora turame a kan sanduna, an shata wurin kowace a ƙasa da farin layi don kar ta gusa. A tsakiyar ɗakin kujera ɗaya tak. Na ce wa Saude wane irin ɗaki ne wannan da ba a shirya shi don baƙo ba. A gaban kujerar kuma wani kanta, bisa shi akwatuna uku: baƙi, da fari mai ƙyalli, da wani ƙarami mai ƙwayaye biyu a kansa da ke ja kamar garwashi.

Ranar Lahadi bayan la'asar abokinsa ya zo, Sumana, mai shagon magani, mutum mai tumbi da fara'a. Shi ya yi mini bayani, don na Yamai ba ya doguwar magana a gabana. Ya ce kaset ɗin ya tsufa, don haka aka kwashe muryar aka zuba a kwamfuta, a can kuma ba murya ba ce, lambobi ne zalla. Lasifika ba ta san lamba ba. Sai an sami abin da zai mayar da lambobin su koma sauti, aikin akwatunan nan ke nan. Na ce, "Wato hatsi na rumbu, waɗannan su ne masu niƙa." Ya tafa hannu ya ce haka ne. Ya ce a cikin waya ma akwai irinsa, amma bai kai ƙwayar gero ba, ga lasifikarta kamar ƙumba, shi ya sa na ji sauro. Baƙin na ɗana ne, ya daɗe da shi. Farin na Sumana ne. Mai garwashin wani ɗan kasuwa ya ba su aro su gwada, in ya yi a saya.

"Nawa ba ya ɓoye komi, Inna," in ji Sumana. "Ko ƙuda ya gitta sai kin ji."

"Naka yana yanka kunne," in ji na Yamai. "Minti kaɗan mutum ya gaji."

"Kai dai kana son a shafa wa sauti man shanu."

Na zauna a bakin ƙofa ina kallonsu. Manyan mutane biyu masu iyali, wannan ya hau kujerar ya rufe ido, a sa kiɗan gurmi, ya sauka, a cire waya a soka a wani akwatin, wancan ya hau, a sake sa kiɗan nan dai. Sumana ya ce farin ya fi raba tsirkiya da tsirkiya. Ɗayan ya ce mai garwashin ya fi ba gurmin jiki. Ni gurmi na ji. Na ce a raina Allah ya ba mutanen nan abin yi.

Sai aka ce in hau kujerar. Sumana ya ce kar in karkata, nan ne kaɗai sautin lasifika biyun ke haɗuwa ya tsaya a tsakiya kamar mutum. Na zauna, ƙafafuna ba su kai ƙasa sosai ba. Aka danna. Na ji shuuu kamar yayyafi a kan kwano, sai ƙwas, sai wani ya yi gyaran murya. Tun daga gyaran muryar nan na gane shi.

"Salamu alaikum."

Na amsa. Kafin in san abin da nake yi na sauko daga kujerar, na durƙusa a ƙasa na ja mayafi. Aka tsayar.

"Saude," in ji na Yamai, "ki ce wa Inna ta koma kujera. A ƙasa sautin ta saman kanta yake wucewa, rabi za ta ji."

"Saude, ki ce masa ban taɓa zama bisa kujera Malam na magana ba."

"Inna, na'ura ce fa," in ji Sumana.

"Na san na'ura ce. Wa ya yi sallamar?"

Aka sake gwadawa ina ƙasa, gaskiyarsu ce, muryar ta dushe kamar yana magana daga bayan danga. Suka roƙe ni, Saude har da riƙe mini hannu. Na ga na ƙetare ƙasa guda, na bar gida, ga Malam a ɗaki, kuma zan koma ban ji shi ba saboda kujera. Amma hawa ba zan yi ba. Na dafa bango zan tashi in fita.

Hamsatu ce ta shigo da tabarma a hammata. Ta ja kujerar gefe, ƙiiii, ta shimfiɗa. Ta dubi mijinta ta kira sunansa ta ce, "In Inna ba ta hawa, su su sauko." Sumana ya dafe kai. Ya ce an yi makonni ana auna wurin lasifikan nan da igiya. Na Yamai ya tashi ya rungumi ta farko ya sauke ta daga ƙafar ƙarfen, ya ajiye a ƙasa, ya tokare gabanta da littafi don ta dube ni. Ya yi wa ta biyu haka. Sai ya zauna bisa tabarmar, daidai inda kaina zai kasance, ya rufe ido yana saurare, ya tashi ya gusa ɗaya, ya dawo. Da ya gamsu ya yunƙura zai ba ni wuri. Na riga na zauna a gefen tabarmar. Na ce wa bango, "Wurin ya ishi mutum biyu." Ya koma ya zauna. Kafaɗarsa na kusa da tawa har ina jin ɗuminta.

Aka kunna. Malam ya zauna a gabanmu. Ba zan iya faɗa muku fiye da haka ba. Muryar nan mai kauri da ɗan karcewa a ƙarshe, da yadda yake jan numfashi kafin ya ce "to". Ba wata babbar magana ya yi ba. Ya ce ruwa ya sauka, gero ya yi kyau a gonar fadama, ƙafar jan sa ta warke. Ya ce a riƙe salla, a guji abokan banza, a ci abinci. Can bayansa ina jin zakara, ina jin ƙofar langalangarmu ta Ruma da ke kuka in iska ta taɓa ta. Sai wata mata ta ɗaga murya daga nesa tana ta masifa.

Na ce, "Wace ce wannan marar ta-ido, Malam na magana tana ihu?"

Saude ta kifa kai a cinya. Hamsatu ta toshe baki. Kafin wani ya ba ni amsa, Malam ya ba ni da kansa. Ya yi 'yar dariyar nan tasa ta hanci ya ce, "Ka ji uwarka can tana faɗa da awaki. Ba za ta zo ta yi magana ba, ka san ta. Amma ƙuliƙulin da ke cikin ƙunshin nan ita ta soya tun da safe."

Ban ɗaga kai ba. Shi ma na kusa da ni bai ɗaga ba.

Da aka natsu Sumana ya ce tunda na san muryar fiye da kowa, in raba musu gardama. Aka sa wurin sallamar da kowane akwati. A farin na ji komi a rarrabe, har motsin harshensa, amma yayyafin nan ma ya ƙaru, muryar kuma ta ɗan yi kaifi kamar ran da yake azumi. A baƙin na ji shi yadda yake, ba ƙari. A mai garwashin muryar ta yi nauyi da taushi, irin ta bayan ya ci tuwo ya jingina. Na ce mai garwashin. Sai Hamsatu ta yafa wa kantan zane, ta shiga baya tana sauya wayoyi ba mai gani. Aka sa, na ce wannan shi ne mai garwashin, ko shakka babu. Ta ɗaga zane, ashe baƙin ne. Aka sake, na kira baƙin fari. Sumana ya yi dariya har da hawaye, ya ce kar in damu, shi ma da aka rufe masa ya kushe nasa akwatin da bakinsa. Don haka masu cewa wai na je Yamai na koya wa injiniyoyi aikinsu, ƙarya suke yi mini. In ido na gani, kunne kan bi shi. Bambancin na nan, amma bai kai yadda suke cika baki ba. Abin da na sani, duka ukun sun ba ni Malam, waya ba ta ba ni ba.

Na Yamai ya ce, "Saude, ki tambayi Inna wanne zan riƙe."

Saude ta buɗe baki, na ɗaga mata hannu. Na juya na dube shi. Idonsa irin na ubansa ne, ban taɓa tsayawa na gani ba.

Na ce, "Ka riƙe baƙin naka, ka mayar wa mutane kayansu. Wuta ta ci komi, kai ka adana mini shi. Allah ya yi maka albarka."

Ya ce "amin" ya sunkuyar da kai. Hamsatu ta ce tukunyarta na ƙonewa, ta fita da sauri, alhali na san ba ta ɗora komi ba. Sumana ya tsaya yana gyara wayar da ba ta lalace ba.

Sauran kwanakin da na yi, kullum bayan la'asar sai mu shiga mu zauna bisa tabarmar, a sa daga sallama har "sai wata rana". Lasifikan ba su koma bisa ƙafafunsu ba har na taho, kuma Hamsatu ta ce har yau suna ƙasa, kujerar kuwa ta kai ta kicin tana yankan albasa a kai.

Dawowa ba ta da labari, sai dai mun sake kwana gidan Hajiya Rabi, na kai mata kilishin Yamai, na kuma nemi Bafulatanar nan a boda ban gan ta ba. Na gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu, na gode wa duk wanda ya ɗauke mini kaya a hanya, har da budurwar mai ƙumba ja, don da muka sauka ita ta riƙe mini hannu a matakalar mota.

Ba ni da akwati a Batsari, ba na kuma bukata. Da safe in na idar da salla na nemi sallamar Malam, tana nan inda na bar ta. Jiya ma ina korar awaki daga shanyar kuka na ji dariyar nan ta hanci, har na rage murya.

Yanzu in wayar Yamai ta shigo, ba na miƙa wa kowa. Ba ma daɗewa. Yakan ce, "Inna, ya jiki?" In ce da sauƙi, ya ci abinci? Ya ce ya ci. Shi ke nan.

Sunansa dai har yau ban faɗa ba. Saude, na ga hannunki na motsi. Kar ki rubuta shi.